Shagon banda na Agege da ke sayar da kifin Tafkin Cadi kowanne da sunansa

A cikin shagunan busasshen kifi da ke unguwar Hausawa ta Agege, can bayan layin dogo, akwai guda ɗaya da nake ganin ya cancanci a yi masa dogon bayani, duk da cewa bai fi maƙwabtansa girma ba, bai kuma fi su araha ba. Abin da ya ɗaga darajarsa a wurina shi ne mai shagon ya riƙe wata al'ada da ta kusa ɓacewa a kasuwannin Legas, wato sayar da kifi da sunansa tare da faɗin ruwan da aka kamo shi. A wurare da dama idan mutum ya nemi banda, kwali guda za a turo masa wanda aka cakuɗa duk abin da hayaƙi ya baƙanta a ciki, da tarwada da bargi da gutsattsarin da ba mai iya shaida su, a ce masa ai duk kifi ne. A nan kuwa kowane iri da kwandonsa, kuma dattijon da ke zaune a kan benci a bakin ƙofa, wanda kowa ke kira Baba, zai gaya maka wanne ne ya fito daga Tafkin Cadi ta hanyar Maiduguri, wanne ne na Tafkin Kainji da aka ɗauko daga Yawuri, wanne ne kuma na kiwo da aka kyafe a nan kusa, ko da faɗin gaskiyar zai sa ka ajiye mai tsada ka ɗauki mai sauƙi.

Shagon ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfar kwano a gabansa. An ɗora kaya a kan katakai nesa da ƙasa, saboda layin yana cika da ruwa da zarar damina ta kankama, kuma duk wanda ya san damshin Legas ya san busasshen kifi ba ya jure kwana a kan siminti. Daga bakin ƙofa tarwada za ka fara cin karo da ita, ita ta cinye kusan rabin wurin, wata an lanƙwasa ta an haɗa kai da wutsiya an soke da tsinke, wata an yanyanka ta gunduwa-gunduwa. Bayanta sai karfasa da aka tsaga aka baje, sai bargi mai manyan ɓawo. Can ciki, a ƙananan kwanduna, ake ajiye kurungu da ramboshi da tufi da gaiwa. Giwan ruwa da tsage da ragon ruwa da faliya ba kullum ake samunsu ba, idan kuma sun zo ba sa wuce 'yan gunduwoyi a cikin faranti. Yauni kuwa a lulluɓe yake da tsumma a saman kanta, domin yawanci an riga an biya kuɗinsa kafin ya iso. Yarabawa, waɗanda ke kiransa eja osan, suna sa shi cikin kayan da dangin ango ke kaiwa gidan amarya, saboda haka ba ya kwantai.

Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare, kuma abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda wannan jeri da ke kan katakan ya zo daidai da abin da ya sami tafkin kansa. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, yana taɓa Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, ƙasashe huɗun da suka kafa hukumar kula da shi a 1964. Ko a wancan zamanin ba tafki ne mai zurfi ba, 'yan mitoci ne kawai a mafi yawan wurare, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa yana zuwa ne daga kudu ta Kogin Shari da reshensa Logon, yayin da Komadugu Yobe ke kawo ɗan abin da ya samu ta arewa maso yamma. Da farin 1973 ya zo, ruwa ya ja baya har wani tudu da ya taso daga wajejen garin Baga na Borno ya ratsa tafkin ya fito fili, ya raba shi gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. Farin 1984 ya ƙara tsananta lamarin, kwarin arewa ya riƙa ƙafewa ƙarƙaf a wasu shekaru, sararin ruwan kuma ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Ruwa ya ɗan dawo daga baya, amma inda a da yake fili fetal iya ganin ido, yanzu yawancinsa fadama ce mai ciyawa da tsibirai.

Masana sun ƙidaya kifi sama da iri 120 a tafkin da kogunan da ke zuba a cikinsa, sai dai ba duka ne suka iya da sabon yanayin ba. Ruwan fadama yana da ɗumi, ciyawa kuma tana ruɓewa a cikinsa tana shanye iskar oksijin, don haka kifayen sarari masu gudu, irin su giwan ruwa da tsage da faliya da manyan dangin kawara, suka mutu da yawa, waɗanda suka tsira suka koma kogi. Waɗanda suka gaji wurin su ne masu wata dabarar numfashi ta daban. Tarwada tana da wata gaɓa mai rassa-rassa a cikin kanta wadda ke ba ta damar shaƙar iskar sama, shi ya sa take daɗewa da rai a cikin daro ko a laka. Bargi shi ma yakan taso ya haɗiyi iska ya koma. Gaiwa kuwa huhu ne da ita sosai, idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta har wata daminar. Karfasa ba ta da irin wannan baiwa, amma tana da juriya, ga ta da saurin hayayyafa. Saboda haka wanda ya tsaya a gaban katakan Baba ya ga tarwada da karfasa da bargi sun mamaye gaba, giwan ruwa kuma yana cikin faranti, to ya ga ƙarshen wannan sauyi da idonsa.

Shi kansa Baba mutumin ƙasar Yawuri ne, yana cikin masuntan Hausa da suka bi ruwa har Borno, ya yi su a gaɓar tafkin da ƙuruciyarsa kafin ya koma fatauci. Ba ya magana da alƙaluma, amma abin da yake faɗa bai saɓa wa na masana ba. Na tambaye shi, "Baba, me ya hana ka kawo manyan kawara?" Sai ya ce, "Malam, kifin nan matafiyi ne. Idan ruwa ya fara tasowa yakan hau kogi ya zuba ƙwai, 'ya'yan su yi wayo a cikin ambaliya sannan su gangaro. To shekarar da ambaliya ba ta zo ba, me zai gangaro?" Dangin kifin da yake nufi su ne ake shanyawa a rana a Cadi da Kamaru ana kiransu salanga, kuma a da suna cikin manyan abin da ake kamawa a yankin. Fadamun Logon da ke arewacin Kamaru suna cikin wuraren da 'ya'yan kifin tafkin ke girma, kuma madatsar Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa ta rage ambaliyar da ke shiga can ƙwarai da gaske. Ta ɓangarenmu ma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ruwan da ke bi ta Haɗeja da Nguru zuwa Komadugu Yobe. Madatsun sun amfani jama'a, Kano tana sha tana noman rani da su, amma a ganina ba a sa kifi a lissafi ba lokacin da ake gina su.

Dangane da ingancin kayan, bargin shagon shi ne abin da zan fara yabawa. Tsokarsa a tsaye take, ba ta dagargajewa a miyar kuka ko ta kuɓewa, kuma idan aka jiƙa shi da ruwan zafi da ɗan gishiri ba a samun yashi a gindin kwano, abin da ke nuna ba a ƙasa aka shanya shi ba. Kurungu ya fi kowanne garɗi a farfesu, sai dai ƙoƙon kansa da ƙayoyinsa masu tsini sun cinye kusan rabin nauyinsa, don haka mai gida mai iyali da yawa ya yi lissafi kafin ya saya. Tsage yana da daɗi amma ƙananan ƙayoyi sun yi masa yawa, ba zan ba yaro shi ba. Giwan ruwa saboda kaurinsa yakan bushe a waje cikinsa yana da danshi, kuma na ji daɗin ganin Baba yana karya gunduwa a gaban mai saye ya nuna masa cikinta kafin a yi ciniki. Karfasar ce ba ta burge ni ba, domin wuta tana yi mata yawa, tana isowa a ƙone tana marmashewa a hannu, kuma mutumin da ke Legas, inda ake samun ɗanyar karfasa daga Epe, ba shi da dalilin sayen ta a haka.

Abin da ya sa na amince da shagon gaba ɗaya ya faru ne a kan idona. Wata Hajiya ta zo neman ramboshi, yaron shagon ya miƙa mata wani kifi, sai Baba ya ce ya dawo da shi. Ya ɗauko kifi uku ya jera a kan buhu, ya ce, "Hajiya, dubi bayansu." Na farko fiffiken bayansa ya taso tun daga wuya bai yanke ba har kusa da wutsiya, wannan tarwada ce. Na biyu fiffiken mai ƙaya ya tsaya a hanya, daga nan wani dogon fiffike na tsoka zalla, marar ƙaya, ya ɗora har wutsiya, kuma ko da wuta ta tsuke shi ana gane shi da yatsa, wannan ramboshi ne. Na ukun kuwa, wanda yaron ya miƙa, fiffiken tsokar ɗan guntu ne a gab da wutsiya. Baba ya ce wannan ruwa biyu ne, ɗan kiwo, kuma kuɗin kifin kiwo za ta biya idan tana so. Gaskiya ya faɗa, domin masu ƙyanƙyasar kifi a ƙasar nan sun daɗe suna haɗa ƙwan tarwada da ruwan namijin ramboshi, saboda abin da ke fitowa yana saurin girma yana kuma da juriya. Da ya yi shiru da Hajiya ta tafi da shi a matsayin ramboshi, kuma da wuya ta taɓa ganewa.

Ba ni da ƙorafi a kan kifin kiwo, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka, kuma ba don shi ba da gidaje da yawa a garin nan ba su ga kifi ba sai na ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙetare. Damuwata tana kan wani abu da ido ba ya gani, wato bambancin ƙwayoyin gado da ke tsakanin kifaye 'yan iri ɗaya. Tarwada dubu da aka kamo daga tafki ba iyayensu ɗaya ba, kowacce ta gaji wani abu daban: wata ta fi jure ƙarancin iska, wata ta fi jure wata cuta, wata tana girma ko abinci ya yi ƙaranci. Lamarin kamar na manomi ne da ya ajiye irin gero kala-kala a rumbu, da mai saurin nuna da mai jure fari, ta yadda ko yaya daminar ta zo ba zai tashi a tutar babu ba. A gidan ƙyanƙyasa kuwa mace ɗaya da aka yi wa allura tana ba da ƙwai dubbai barkatai, namiji kuma sai an yanka shi ake samun ruwansa, don haka ba a amfani da maza da yawa. Mai gona sai ya zaɓi waɗanda suka fi girma cikin 'ya'yan, alhali uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ya mayar da su iyayen gaba, maƙwabcinsa kuma ya saya daga wurinsa ya maimaita. Bayan an yi haka sau da yawa jinin yakan ƙuntata, a fara ganin 'ya'ya masu karkataccen baya, da masu tsumburewa, da mutuwar ɗumbin 'ya'ya tun suna 'yan kwanaki. Maganin da aka sani shi ne a koma ruwan Allah a ɗauko sababbin iyaye, wanda ke nufin gonakin kifin Ikorodu da Ibadan suna dogare da lafiyar kifin Cadi da Kainji, ko masu su sun lura ko ba su lura ba. Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren, domin duk shekarar da aka yi babbar ambaliya, kamar 2012 da 2022, kifin kiwo yana tserewa cikin koguna ya gauraya da na asali.

Kwandon karfasa ma yana da nasa darasin, kuma a nan Baba ya nuna mini abin da na saba koyarwa a allo. Abin da ake tarawa a kwando ɗaya aƙalla iri uku ne. Akwai mai zane-zane a tsaye a wutsiya, wadda macen ke riƙe ƙwai da 'ya'ya a cikin bakinta har su yi ƙwari. Akwai mai haske da faɗin jiki, wadda uwa da uba duka ke ɗaukar ƙwan a baki. Akwai kuma mai jan ciki, wadda ke zuba ƙwanta a ƙasan ruwa iyayen su tsaya gadi. Baba yana raba su da kallon wutsiya da baki ko bayan an kyafe su, ko da yake kuɗi ɗaya yake sayar da su. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ita mai zanen wutsiyar, wadda aka fi kiwo a duniya, ba ɗaya take a ko'ina ba: ta Cadi da ta kogunan Kwara da Bolta da Sanagal dangi ne na kusa, sun kuma bambanta da ta Kogin Nilu da ta tafkunan Habasha. Lokacin da masana suka fara aikin inganta irin karfasar kiwo a ƙasar Filifin a 1988, sai da suka zo Afirka suka ɗebi ta ruwan Masar da Gana da Kenya da Sanagal, suka haɗa da irin da ake kiwo a Asiya, kuma daga wannan haɗin ne aka fitar da irin da ya bazu a gonakin ƙasashe da dama. Ashe abin da ke iyo a ruwayenmu dukiya ce da wasu suka ƙetaro teku domin ta.

Duk lokacin da na ga 'yan gunduwoyin giwan ruwa a farantin nan sai Tafkin Biktoriya ya faɗo mini a rai. Wannan kifi, wanda kan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ɗan gida ne a Cadi da Kwara da Nilu, ya daɗe yana zaune da sauran kifaye, kowa ya san yadda zai kauce masa. A shekarun 1950 aka kai shi Tafkin Biktoriya, wanda Yuganda da Kenya da Tanzaniya suka kewaye, inda ba a san shi ba. Tafkin yana da ƙananan kifaye dangin karfasa kimanin iri 500 da babu su a ko'ina a duniya sai can, wani yana kankare gansakuka a dutse, wani yana fasa dodon koɗi, wani ɓawon jikin 'yan uwansa yake ci. Abin mamakin shi ne tafkin ya taɓa ƙafewa kimanin shekara 15,000 da suka wuce, ma'ana wannan tarin iri ya samu ne cikin ɗan lokaci, kuma nazarin ƙwayoyin gadonsu ya nuna cewa tushensu gaurayar tsofaffin zuri'o'i biyu ne, ɗaya daga yankin Kwango ɗaya daga saman Nilu, wadda ta ba su tarin bambancin da suka rarrabu da shi. Da giwan ruwa ya bunƙasa a shekarun 1980, ga kuma gurɓatar ruwa da yawan kamun kifi, sai kusan iri 200 daga cikinsu suka ɓace. Tafkin Cadi ba haka yake ba, kifayen da suka keɓanta da shi kaɗan ne ƙwarai, domin ba shi da zurfi, ya sha ƙafewa yana dawowa, kuma a shekarun babbar ambaliya ruwan Logon yakan tsallaka ta kogin Mayo Kebi ya haɗu da Binuwai. Shi ya sa kifin kwandon Yawuri da na kwandon Baga suke kama da juna. Hakan yana da sauƙi ta wani gefen, tun da abin da ya ƙare a tafki yana iya dawowa daga kogi, amma da sharaɗin an bar kogunan da fadamunsu da rai.

Wannan ne ya kawo ni ga babban aibin shagon, wanda ba zan rufe shi ba don ina ganin girman mai shi. A gefen ƙofa akwai buhun ƙananan kifi da ake aunawa da mudu, kuma shi ne ya fi tafiya saboda araha. Akwai kifayen da halittarsu ke nan ƙanana, kamar waɗanda ake kamawa da yawa a Kainji, ba su nake nufi ba. Na zuba cikin tafin hannuna daga buhun na duba, sai na tarar yawancinsu 'ya'yan karfasa ne da na tarwada waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba, har da ɗan giwan ruwa guda da aka gane shi da bakinsa. Irin wannan kamu yana zuwa ne daga raga mai ƙananan ido, da gidan sauro da wasu ke mayarwa koma, da kuma dumba, wato jerin gura da ake datse mashigar ruwa da su daga gaɓa zuwa gaɓa, ba abin da ke wucewa. Kifin da bai kai ga zuba ƙwai ba aka kama shi, an kama shi ne da zuri'arsa. Illar ba ta tsaya a raguwar yawa ba, domin idan aka daɗe ana kwashe manya da masu tasowa, waɗanda ke samun damar barin baya su ne masu haihuwa tun suna ƙanana, sai irin ya riƙa ƙanƙancewa, kuma ko yawan ya dawo daga baya, bambancin gadon da aka rasa ba ya dawowa da sauri. Na faɗa wa Baba haka, ya ce, "Malam, na sani, amma idan ban saya ba wani zai saya, kuma mai naira kaɗan da shi take miya." Na fahimci uzurinsa, talauci gaskiya ne, amma ban karɓa ba, domin mutumin da ya san kifi kamar yadda ya san shi ya fi kowa sanin abin da ke cikin buhun, kuma gutsattsarin tarwadar kiwo za su iya biya wa mai ƙaramin ƙarfi wannan buƙata.

Ta fuskar tsabta ba ni da abin cewa sai alheri. Sananne ne cewa wasu 'yan kasuwa suna yayyafa wa banda maganin ƙwari irin su fiya-fiya don kada ƙwari su cinye ta a hanya, abin da ke da haɗari ga lafiyar mai ci. A shagon nan ban taɓa jin warin magani ba, na kuma ga ana fito da kaya ana shanyawa a kan kwano idan rana ta buɗe, wanda ya fara laushi a mayar da shi kan wuta. Akan ga ƙwaro ɗaya ko biyu a gindin kwando, kuma hakan ya fi kwantar mini da hankali a kan kifin da ko ƙuda ba ya kusantarsa.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Ba a awo da sikeli, da ido ake yanke kuɗi a yi ciniki, don haka baƙo zai iya biyan fiye da na ɗan gida. Kifin tafki ya fi na kiwo tsada sosai, wanda ba laifi ba ne idan aka dubi nisan Maiduguri da Legas. Ana karɓar kuɗi ta waya, ana kuma aika kaya da mai babur zuwa Ikeja da kewaye, sai dai a leda suke ƙullewa, leda kuwa tana tara gumi, gara mutum ya ce a sa masa a kwali. Abin da ya fi damuna a nan shi ne duk ilimin shagon yana cikin kan mutum ɗaya. Idan Baba ya tafi masallaci ko ya yi tafiya, yaron ba ya bambance ramboshi da ruwa biyu, sai wurin ya koma kamar kowane shago. Da za a rubuta sunan kowane kifi da ruwansa a jikin kwali a maƙala a kwando, da boko da ajami, da an taimaki mai saye, da kuma yaron ya koya.

Kayan Cadi ba sa zuwa a kan kari, kuma wannan ba daga mai shagon ba ne. Tun bayan harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015 cinikin kifin yankin ya shiga mawuyacin hali, masunta da yawa suka watse, aka yi shekaru ana taƙaita safarar kifi saboda dalilan tsaro, ita ma kwalejin koyon aikin kifi ta tarayya da ke garin rashin tsaron ya sa ta koma Maiduguri. Kifin da ke fitowa yanzu yana bi ta hannuwa da yawa kafin ya hau mota, saboda haka wani kwalin da aka ce na Cadi ne yana iya ƙunsar na Komadugu Yobe ko na fadamun Haɗeja da Nguru. Idan Baba bai tabbata ba yakan ce na arewa ne amma bai san ruwansa ba, kuma ba ya ɗora masa kuɗin na Baga.

Ina ba da shawarar shagon ga uwargidan da ke son bargi ko kurungu na gaske, da mai gidan abinci da ke son sanin abin da yake zubawa a tukunya, da kuma malaman makaranta 'yan uwana, domin za a iya sayen gunduwa ɗaya-ɗaya daga kowane kwando a kai aji ɗalibai su taɓa da hannu. Lokacin hunturu ne kaya suka fi yawa suka kuma fi bushewa, bayan ambaliya ta janye a arewa. Da damina sai a karya a duba ciki saboda fumfuna, kuma idan an kai gida a sake ɗan ɗumama shi a wuta kafin a adana a wuri mai iska. A je da hantsi lokacin da Baba yake wurin, a tambaye shi ruwan kowane kifi kafin a yi ciniki, a kuma tsallake buhun da ke gefen ƙofa. Mai neman yauni ko giwan ruwa don biki ya yi magana tun da sauran makonni, domin sai motar Maiduguri ta iso ake sanin ko an samu.